Rikod ɗin 'Yan Mata Ya Fi na Maza Tsawo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da ɗan jaririnmu, Allah ya raya mana shi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, Mama tana nan kan keken ɗinkinta, Kaka kuwa kullum sai ta tambaya ko kin manta hanyar gida ne.

Yaya, akwai maganar da ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Kin san ni, bakina ba ya buɗuwa, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar ajin kwamfutar nan ce da kika roƙi Baba ya bar ni in shiga, wanda ake yi a ɗakin saman shagon magani. Ina son ajin sosai, duk da fankar da ke ƙara kamar za ta faɗo da kujerar da ke cizon zane. Amma tun da Malama ta karye a hannu ta kwanta a gida, aka kawo wani ya riƙe mana, hankalina bai kwanta ba. Mai Turare muke ce masa, domin ƙamshinsa yana riga shi hawa bene.

Bari in fara gaya miki abin da muke koya, don ki gane. Da farko, in za mu ajiye bayanan mutane a kwamfuta, sunaye muke jerawa daban, shekaru daban. Na gwada da mutanen gidanmu, sai na ce wa kwamfutar ta jera sunayen bisa haruffa. Sunaye suka motsa, shekaru suka tsaya inda suke, sai ga Auta da shekarun Kaka, Kaka kuma 'yar yaye. Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce in kai wa Kaka albishir ta koma yarinya. Ranar ta koya mana abin da ake kira rikod. Kamar akwati ne mai gurbi-gurbi, ke za ki tsara shi, ki ce wannan gurbin na suna ne, wannan na shekaru, wannan na aji. Duk abin da ya shafi mutum ɗaya yana cikin akwatinsa, duk inda aka kai shi tare suke tafiya. Kina kiran suna, komai nasa ya fito.

To, makon jiya Mai Turare ya ce za mu yi wa ajinmu irin wannan, kowace ta cika nata. Ya rubuta gurabun a allo: suna, shekaru, aji, lambar waya, kwatancen gida, hoto, da lokacin da manya ba sa gida. Ƙawata Aku, wadda bakinta ba ya hutawa, ta tambaye shi ko aurar da mu zai yi. Ya yi murmushi ya ce mata lauya ya kamata ta zama, wai don tsaronmu ne, ko da wata za ta yi jinkirin komawa gida. Ya kuma ce kada mu ajiye a kwamfutar aji, shi zai bi mu ɗaya-ɗaya ya kwashe a wayarsa.

Ni ma da farko na yarda. Amma maza su ke yin ajin safe, kuma yaron da ke zama a kujerata ya tafi ya bar aikinsa a buɗe. Yaya, nasu gurbi uku ne kawai, suna da shekaru da aji. Ba waya, ba gida, ba hoto. Su mazan ba sa jinkirin komawa gida ne? Na yi ta kallon abin har Aku ta zungure ni ta ce ko na ga aljani.

Abin da ke damuna shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba sirri ba ne. Maƙwabta sun san gidanmu, ƙawaye sun san lambar Mama, mai shagon kusurwa ya san lokacin da take fita kai ɗinki. Amma babu mutum ɗaya da ya san duka. In aka haɗa su cikin akwati ɗaya, wanda ya kira sunana ya samu fuskata, da ƙofarmu, da lokacin da nake ni kaɗai da Auta. Amfanin da Malama ta ce rikod yana da shi, shi ne yanzu yake ba ni tsoro.

Wataƙila ina ɗaukar alhakin Mai Turare ne. Bai taɓa yi mini wata magana ba, yana ma ce mini 'yar shiru-shiru mai ƙwaƙwalwa. Sai dai na lura in mai shagon magani ya leƙo, yana saurin goge allo. Kuma kin san Baba. In ya ji ko rabin wannan, ba zai tsaya bincike ba, cewa zai yi in zauna a gida, shi ke nan ni da kwamfuta. Don Allah kada ki kira shi a kan wannan tukuna.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki sumbaci jariri. Mama da Kaka suna gaishe ki, Auta ya ce ki aiko masa da ƙwallo.

Ni dai ba zan bar ajin ba. Na goge gurbi huɗun nan daga nawa, na bar shi daidai da na maza, haka zan miƙa. Na kuma kwafi tsarin biyun a takarda. Gobe in an tashi, ba gida zan wuce ba, wajen Malama zan je in ajiye su a gabanta.

Taki har kullum,
ƙanwarki.