Ranar da Muka Dafa wa Sarki Iri

Daga ƙauyen Hieda,
Zuwa ga Yayana Heisuke, a gidan sarkinmu da ke birnin Edo.

Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi daga ƙanwarka Kume. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Shige da yara. Kullum safiya idan na kai wa kakanni ruwa sai na ambaci sunanka, su tsare ka daga zazzaɓi da gobarar birni. Yaya gwiwar taka, ko har yanzu tana damunka in ka daɗe tsaye cikin dawaki? Mu nan da sauƙi dai. 'Yata Sayo ta kamo kafaɗata, sai dai tsawon ne kawai, babu jiki. Ƙanƙara kuma ta fara sauka a kan duwatsu.

Yaya, na daɗe ina juya alƙalami kafin na iya fara maganar da ta sa na rubuto, don kunya ta hana ni sakat. Ka dai ji yadda damina ta zo da sanyi bana. Shinkafa ta tsaya ƙiƙam ba ta sunkuya ba, in ka murza zangarniya sai ƙaiƙayi. Tun kafin kaka mutane ke haƙar saiwa a dawa. Ana cikin haka manzo ya zo, wai sabon sarki zai zaga ƙauyuka da kansa, shi da aka haifa can wurinku, bai taɓa taka ƙasarsa ba sai bana. Ka san maigidana Jinbei da son girma. Ya ce tun kakanni gidansu ke riƙe da garin nan, ba a kansa sarki zai fara ganin tsumma a Hieda ba. Amma kada ka ɗora masa, shi faɗa kawai ya yi, dabarar duk tawa ce. Ni na ce a kwashe tsofaffi da waɗanda suka rame a kai su bukkokin masu gawayi a bayan dutse. Ni na fito da kayan aurena na raba wa mata, na shafa wa yara jan fure a kumatu. Da aka rasa abin da za a tarbi baƙi da shi, ni na ce a buɗe rumbun iri. Inna Tora, ɗaya daga cikin tsofaffin, da ake tura ta hanyar dutse, ta juyo tana cewa mu yi ta kwalliya, 'yan nema, ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na ce da ita tsohuwa ta kama bakinta.

Sai ga sarki ya iso, ba yadda muka zata ba. Yaro ne siriri cikin rigar auduga, da mutane kaɗan a bayansa. Muka kifa goshi a ƙasa yadda aka saba, ya sauko daga doki ya ce mu ɗago, fuskokinmu ya zo gani. To, fuskokin da muka zaɓa su ya gani. Da na kai masa farar shinkafa ya tsaya yana kallonta. Ya ce jiya a Nagasaka, ƙauyen da ke ƙetaren kogi, romon ɓawon itace suka ba shi, ya shanye, bai san ana shan irin wannan a ƙasarsa ba. Ya ce ya yi alkawari kwano ɗaya zai riƙa ci har yunwa ta wuce, amma yau zai ci da daɗin rai tunda ga gari guda da ya tsira. Har ya tambayi Jinbei, cikin taushin murya, ko akwai abin da ke damunmu. Jinbei ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, sai ya ce babu komai, albarkacin sarki. Ina tsaye ina kallo fadawa suka cinye abin da za mu shuka baɗi.

Ba a jima ba hukunci ya fito. An yafe wa Nagasaka harajin bana, an kuma buɗe musu rumbun fada. Mu kuwa za mu biya namu cif, kamar shekarar albarka. Aka haɗo mana da kyauta, wani faffaɗan katako da sarki ya yi rubutu a kai da hannunsa, wai Hieda garin da bai san yunwa ba, a kafa a ƙofar gari. Muka kafa, ya za mu yi? Ta ƙarƙashinsa mata ke wucewa da kwandon saiwa. Ba wanda ya zage ni, Yaya, da ma zagin suka yi. In na je rijiya sai hira ta mutu. Inna Tora ce kaɗai ke tanka mini, kullum sai ta ce sannu uwar biki, yaushe za a sake dafawa, wancan karon ƙanshi kawai ya iso musu kan dutse.

Yau da safe Jinbei ya cire katakon ya ɗaure a baya, ya sa tsohuwar rigarsa ta gona, ya kama hanyar fada kafin ƙanƙara ta rufe ta. Zai faɗi gaskiya, ya roƙi a ba gari iri da abinci. Ka fi ni sanin hukuncin wanda ya yi wa sarki ƙarya ido da ido. In an yi sassauci kora ce da ƙwace gida, in ba a yi ba kansa za a sare. Kai ka riƙe wa sarkin nan linzami tun yana koyon hawa, ka san zuciyarsa, ni ban sani ba. Roƙona ɗaya ne: in labari ya zo maka da muni, ka aiko a ɗauki Sayo, ko wanke-wanke ne ta yi a gidanka. Naka sai naka.

A bakin ƙofa Jinbei ya ce da ni zai gaya musu a fada shi kaɗai ya shirya komai, matarsa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kada in kuskura in ce wani abu daban. Maza suna tsaye suna ji, kuma duk sun san gaskiya. Na buɗe baki in ce a'a, tare za mu tafi, sai na dubi Sayo na fasa. Na miƙa masa takalmansa na ciyawa, ya karɓa har da godiya.

Ka gaishe mini da Shige, da Tokuji da ƙaramar Ine, da Kawu Rokubei in yana nan tare da ku. Sayo tana gaishe ka, ita ba ta san me na rubuta ba. In ka tashi ba ni amsa kada ka lallashe ni, Yaya, ka yi mini faɗan da garin nan ya ƙi yi mini.

Ni ce ƙanwarka,
Kume