Hoton Cinyar Auta

Maman yara,

Na tarar kina barci, ban tashe ki ba. Na wuce shago, mai ƙofar nan da nake haɗa wa yana jirana.

An sake ɗaukar hoton cinyar Auta da safe. Wallahi ƙashin bai haɗu kai da kai ba, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Na nuna wa likita da yatsa, ya ce ba komai. Wai ƙafar yaro in ta karye takan fi 'yar'uwarta saurin tsawo, za ta kamo. Filastar da aka sa mata ta isa. To jiya ba wani likitan ya ce ƙarfe za a sa mata ba? Na ce to, amma kaina ya kulle. Ni da zan haɗa ƙafar kujera haka, dawo mini da ita za a yi.

Ki yi haƙuri, na yi ɓarna. Da Auta ta yi barci na zaro tef na gwada ƙafafun, ashe Inna na kallona. Na baro ta tana kuka, wai jikarta ta gurgunce.

In kin je asibitin ki sake tambayar likitan, kin fi ni gane maganarsu. Ki lallashi Inna.

Auta ta tambaye ni ko za ta sake tsallen igiya. Na ce ƙwarai. In ta tambaye ki, don Allah bakinmu ya zo ɗaya.

Baban yara