Reshen Yaya

Umma,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙafar? Ki gaida Goggo da yaran.

Jikin Yaya da sauƙi, amma gefen dama har yanzu bai motsa ba, maganar ma ba ta fita. Likita ya ba shi ƙwallon roba yana matsawa da hannun hagu, matarsa ta ce ko abinci yake ci ƙwallon na hannunsa. Na san dalili. So yake ya koma ofis ya ƙarasa aikinsa.

Bari in kwatanta miki, tunda kullum cewa kike aikinmu danne-danne ne kawai. Manhajar da muke haɗawa tana da uwa guda. Mai son yin aiki sai ya yanki reshe, ya raɗa masa suna, in ya gama a haɗe shi da uwar. Yaya kuwa, kin san halinsa, mutumin da yake kiran duk kyanwar gida Mage: kowane reshe ya yanka sunansa “gyara”. Wata takwas ya yi a kan na ƙarshen kafin ya faɗi. Duk sanda na je sai ya nuna jakar kwamfutata da ido, ni kuma in ce aikinsa na nan yana jiransa.

Ɗanki,
Auta

Umma,

Ina fata kin tashi lafiya. Ni dai ban da lafiyar zuciya, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Sabon shugaban sashenmu ya kawo tsari: a buɗe aljihu guda a cikin manhajar, wato ma'ajiyar rassa, mai suna “gyara”, kowa ya sa reshensa a ciki. Na'ura ta ƙi, don reshen Yaya ya riga ya riƙe sunan. Mutum tara suka zauna suna kallona. Na duba rajistar ayyukanmu, na ga an rubuta an haɗe “gyara” da uwa, sai na goge reshen Yaya. Na'urar ta gargaɗe ni cewa akwai aikin da ba a haɗe ba. Na ɗauka shirmenta ne, na tilasta mata.

Umma, wanda aka haɗe na bara ne. Suna ɗaya, reshe daban. Sauya masa suna kawai ya kamata in yi, aikin minti ɗaya.

Sai bayan wata biyu na gane. Mai kula da rumbun da ake ajiye aikinmu ya ce shara ta riga ta kwashe abin da aka goge, ba ya dawowa. Kwamfutar Yaya kuma da hannuna na mayar ofis, an share duk abin da ke cikinta an ba wani. Shi ya koya mini aikin nan, shi ya kai ni wurin. Ina jin kunyar kaina.

Jiya ya rubuta a takarda, da hagu, a karkace, wai in kawo kwamfuta ranar Asabar.

Ɗanki,
Auta

Umma,

Na samu saƙonki, Allah ya ƙara girma. Kin ce kada in yi masa ƙarya, ban yi ba, amma bakina ya kasa faɗa. Ɗora masa kwamfutar kawai na yi a cinya.

Da yatsa ɗaya ya rubuta sunan. Ya ɗau lokaci, gumi na tsattsafo masa a goshi. Allo ya ce babu wannan reshe. Ya goge ya sake, har sau uku. Daga nan ya buɗe rajista, ya ga ranar, ya ga sunan wanda ya goge.

Bai ɓata rai ba, da ma ya ɓata. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina ƙarami, ya juya fuska bango.

Yau kwana shida da faruwar haka. Da safe matarsa tana shara ta fito da ƙwallon daga ƙarƙashin gado, ta miƙa masa, bai karɓa ba. Ki zo, Umma, ko zai karɓa daga hannunki.

Ɗanki,
Auta