Shin in raba maganina da Tela?

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan gaya wa. Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matata ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa. A kan bencin asibiti na haɗu da Tela, mu biyun sankarar huhu ke cin mu. Sa'an ɗana ne, amma shi kaɗai ke leƙo ni. Da na rame shi ya rage mini riguna, yana tsokanata wai na zama sandar rataye kaya.

Da aka gwada 'yar tsokar da aka ciro daga huhuna, likita ta ce cutar tawa tana da wani sauyi a ƙwayoyin halittarta da aka fi samu a mutanen asalin mahaifiyata, 'yar wata ƙasa mai nisa a gabas. Aka ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kullum, ta karɓe ni. Yanzu ina hawa matakala ban tsaya ba. Shi Tela ba a samu sauyin a tasa ba. Ƙarin ruwan maganin sankara ake masa, gashi ya zube, ƙafa ba ta iya taka keken ɗinki. 'Ya'yansa ƙanana ne. Ni wa nake ciyarwa?

In ya zo sai kunya ta kama ni, in ƙirƙiri tari, in ce jiki dai sai a hankali. Tun makon jiya nake tsallake rana, ina tara masa ƙwayoyin a gwangwani. Na yi daidai?

Tsohon ɗan gidan waya

Baba, niyyarka mai kyau ce, amma ba ka yi daidai ba. Ka koma shan maganinka yau, ka kuma faɗa wa likitarka ranakun da ka tsallake. An yi wannan ƙwayar ne don sauyin da ke cikin taka cutar. Tela ba zai samu komai daga gare ta ba sai wahala, kai kuma cutar na iya farfaɗo maka.

Asali ba hukunci ba ne, yiwuwar abu kawai yake ƙarawa. Ba kai ka zaɓi mahaifiyarka ba, kuma ba rabon Tela ka ci ba. Ka ƙarfafa masa ya tambayi likitansa ko an duba sauran sauye-sauyen, don ba guda ɗaya ba ne.

Tarin ƙaryar nan kuma ka bari. Mutumin da ya auna ƙugunka ai ya riga ka sanin ka fara cikowa. Faɗa masa gaskiya. Ƙarfin da ka samu shi za ka raba da shi: ranar ƙarin ruwa ka raka shi, ka zauna kusa da gadonsa, ka shaida masa rigunan sun fara matse ka, suna jiransa ya buɗa su.

Allah Ya ba ku lafiya, ku duka biyun.