Riga Mai Hannu Ɗaya da Turancin Auta

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya kuma ƙara maka sauƙin ciwon bayan da ka ce zaman mota ya jawo maka. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa matakala ba tare da ta tsaya a tsakiya tana yi wa maginin gidan faɗa ba. Kawu ya aske gemunsa, kwana uku jikokinsa suna gudunsa. An gyara rufin ɗakin tsakiya, bokitin da ya shekara yana tarar ruwa a ƙarƙashinsa ya samu hutu. Shago yana tafiya, keken ɗinkin Baba yana nan da tarinsa na tsufa, amma har yau bai ba ni kunya ba.

Yaya, wasiƙarka ta iso, kuma sau biyu Inna ta sa na karanta mata. Mun ji shawararka cewa tunda Auta ta faɗi Turanci a jarrabawar gwaji, a cire sunanta daga masu zana babbar jarrabawa bana, a turo ta wurinka ta yi shekara guda ana koya mata, ta zana baɗi. Shugaban makarantarsu ya ce ƙarshen watan nan zai rufe sunaye, saboda haka maganar tana hannunka. Auta ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ranar ko ruwan shayinta ba ta taɓa ba. Ka san tun tana ƙarama ba ta da zance sai makarantar koyon jinya, kuma ba a shiga sai da Turanci. Ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke. Ba a banza kuka sa mini suna Hawainiya ba, ban iya bin gajeriyar hanya ba ko a labari.

Bayan ta huce, na ce ta ba ni takardar da ta faɗi in gani. Ta dube ni, don ta san Turancina bai wuce abin da aka rubuta a jikin gwangwanin man keke ba. Amma tela ba sai ya san inda aka saƙa yadi ba kafin ya gane inda ya gaza. Na buɗe shafi na farko, na ga insha'i cikakke, an ja masa layi da rula daga kusurwa zuwa kusurwa. Na buɗe na gaba, sai ga insha'in nan dai an sake kwafe shi tsaf kamar inji ne ya buga, jan biron malami bai taɓa shi ba sai wuri biyu. Kashi na biyu, inda ake karanta labari a amsa tambayoyi, ta yi rabi. Kashi na uku, na taƙaitawa, fari fat kamar sabon yadi. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar nan ba sani ta rasa ba, yadi ne ya ƙare mata.

Don kada in yi mata shaidar zur, ranar Asabar na ce ta zo shago da tsofaffin tambayoyi ta yi a kan teburin yanka. Ina ɗaura maɓallai, ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan agogo. Ta ja layin gefe da rula. Ta rubuta insha'in a wata takarda daban, ta karanta, ta gyara, sannan ta fara kwafewa. Ta kai tsakiyar shafi, wani harafi ya karkace, sai ta juya sabon shafi ta faro daga sama. Kafin ta ɗago kai, awa ɗaya da rabi ta tafi cikin awa biyun da ake ba su. Da ta miƙo mini, fuskarta har sheƙi take don jin daɗin aikin.

A nan ne na gane laifin namu ne, Yaya, mu mutanen gidan nan. Ka tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, riga ba ta fita shagonsa da zare ɗaya a waje. Ka tuna wandon da ya sa ka farke sau uku saboda ɗinki ɗaya ya kauce, wanda bayansa ka ce kai dai tuƙi za ka koya. To, a ƙarƙashin teburin nan Auta ta yi rarrafe, wannan karatun ta fara ji kafin na makaranta. Mu kuma muka ɗora mata. Inna har yau littattafanta take fitowa da su ta nuna wa baƙi, a ga rubutu ba gogewa ba tabo, kowa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da Auta ba ta gani ba shi ne abin da Baba yake yi a saman teburin. Kafin almakashi ya taɓa yadi, sai ya shimfiɗa shi ya zana da alli, nan jiki, nan hannuwa, nan kwala. Ita daga ƙasa take kallo, kyan ɗinki kawai ta gani, ba ta ga rabon yadi ba.

Na faɗa mata haka, na ce daga yau ba rula, ba takardar gefe, idan ta yi kuskure ta ja masa layi ɗaya ta wuce. Ta ce wai wanda bai gama makaranta ba ne zai koya mata yadda ake jarrabawa. Ban ji haushi ba, ai gaskiya ta faɗa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ko abinci ta kawo sai ta ajiye ta buga murfin kwanon don in san ya iso. Inna ma ta bi bayanta, ta ce a gidan nan ba a fitar da ƙazamin aiki, in ni na manta ubana ita ba ta manta mijinta ba.

Da na ga baki ba zai yi ba, na ce gani ya kori ji. Akwai wani shuɗin yadi mai kyau da na ɓoye tun bara. Na yanka riga, na zauna a kan hannun dama kwana biyu, na zuba masa duk abin da Baba ya koya mini, ɗinki biyu a jere kamar an auna da gashi, maɓallai uku a bakin hannu, na bi shi da guga har yana ɗaukar ido. Hagu kuwa na bar shi rami, kwala ma ban ɗora ba. Na ninke rigar yadda hannun zai kwanta a sama, na kai gida bayan mun ci abincin rana, na ajiye a gaban Inna. Ta shafa hannun, ta kai shi kusa da ido, ta ce wannan kam hannun Baba ne ya dawo. Na ce ta warware ta gani. Da ta ɗaga rigar, ta leƙa ta ramin hagu ta hango ni, ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ce lokaci ne ya ƙure mini, amma ta dubi kyan hannun, ai mai rigar zai yi haƙuri. Auta ta yi dariya har ta zame daga kujera. Can sai dariyar ta tsaya, ta ƙura wa ramin ido. Washegari da safe na buɗe shago, sai ga ta, ta ɗora rularta a kan keke.

Ga yadda muke yi yanzu. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya ara mana wani tsohon agogon bango mai ƙarar tafiya kamar doki. Na zana gida huɗu da alli a kan teburin yanka, Auta da kanta ta raba lokacin, don ita ta san nauyin kowane kashi: minti hamsin na insha'i, talatin da biyar na labari da tambayoyi, talatin na taƙaitawa, biyar na ƙarshe kuma na yanke zare, wato ta bi aikin ta duba. Aikina ɗaya ne, idan lokacin gida ya cika in buga almakashi a kan tebur, ita kuma ta koma gida na gaba ko da tana tsakiyar jimla. Makon farko roƙona take kamar mai neman a ɗinka masa kaya ranar tafiya, in ƙara mata minti biyu kacal. Na ce almakashi ba ya jin magiya. Ranar da ta fara jan layi a kan kalma ta wuce, ta yamutsa fuska kamar an ɗura mata magani mai ɗaci. Mai agogo yana leƙowa yana dariya, wai duniya ta zo ƙarshe tunda Hawainiya ne ke koya wa mutane sauri.

Saura mai dubawa, tunda ni ba zan iya ba. Allah Ya kawo wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, ya zo a rage masa tsawon wando. Ya tarar da Auta tana rubutu, ya tsaya yana kallo, da na buga almakashi na ƙarshe sai ya miƙa hannu ya karɓi takardar. Yaya, ashe har yau da jan biro yake yawo a aljihu. Ya zauna a kan bencin masu jira ya duba ta tas, ya nuna mata cewa a taƙaitawa ba a son ado, a ɗauko ƙashin maganar a bar naman. Da zai tafi na ce masa wandon bai samu ba, ya dawo Asabar. Yau mako shida ke nan, aikin minti goma. Kowace Asabar yakan shigo ya tambayi wandonsa da fuskar gaske, in ba shi haƙuri da fuskar gaske, sannan ya ciro bironsa. Makon jiya ya ce mini, idan na yi kuskure na gama wannan, akwai wani a gida da ya yi masa tsawo. Ƙawayen Auta biyu ma sun shigo, yanzu ranar Asabar ba na taka keke sai aikin hannu, masu kawo ɗinki da raɗa suke magana. Kawu ya shigo da sallamarsa mai tsayi, yara uku suka ɗago suka harare shi, ya fita a kan yatsun ƙafa.

Makon da ya wuce makarantarsu ta sake yin gwaji, shekaranjiya aka ba su takardu. Auta ta amsa komai har layin ƙarshe. Wancan karon ta samu talatin da takwas, wannan karon sittin da bakwai. Malamarsu ta ce rubutun ya ɗan lalace, amma ita dama ba zane take dubawa ba. A shafin farko kaɗai akwai wuri huɗu da aka ja layi. Inna ta juya takardar gaba da baya, ta taɓa wuraren nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ga zare nan a waje ko'ina. Sannan ta ce amma dai wannan rigar hannu biyu gare ta. Yanzu takardar ce a saman littattafan da take nuna wa baƙi.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ta gama ƙwarewa ba. Malam ya ce taƙaitawarta har yanzu tana da ɗan kitse, kuma wani lokaci in ta ga harafi ya karkace, ina ganin hannunta yana neman juya shafi kafin ta danne shi. Amma akwai sauran wata biyu, kuma ciwon da aka gano rabinsa ya warke. Na san don ƙaunarta ka ce ta zo wurinka, kai ka riƙe karatunta tun rasuwar Baba, ba wanda zai ja da maganarka a gidan nan. Roƙona kawai ka bar ta ta zana bana. Na haɗo maka takardun biyu, ta farko da ta biyu. Ba sai ka karanta Turancin ba, ka buɗe shafin ƙarshe na kowace ka duba.

Rigar kuma taka ce, Yaya. Da awonka na yanka ta, wanda ke cikin tsohon littafin Baba, na ƙara inci biyu a ciki saboda hoton da ka aiko mana. Hannun hagu da kwala suna nan a yanke cikin aljihun tebur. Auta ta sa na yi alkawari ba zan ɗora su ba sai ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa ta ce mini ta kai ƙarshe. In ka ce bana, za ka sa rigarka kafin damina ta wuce. In ka ce baɗi, haka za ta shekara a rataye da hannu ɗaya, kowa ya shigo shago ya tambaye ni ta wace ce, ni kuma ka san ban iya ɓoye gaskiya ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa tsayawa kana miƙe baya in tafiya ta yi nisa. Kawu yana gaisuwa, haka mai agogo, haka Malam da bai san ka ba amma ya ce a gaishe da mai rigar. Ka gaishe mana da Anti ƙwarai, da 'Yar Lele, da Sarkin Kuka, ka ce masa wandonsa yana nan tafe da ƙafa biyu cif. Auta ta ce ita gaisuwarta da Turanci za ta rubuta maka a bayan takardar nan. Na ba ta minti uku, ta gama da sauran ɗaya. Za ka ga kalma guda da aka ja wa layi. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta ninke takardar da hannunta.

Muna jiran amsarka kafin ƙarshen wata. Allah Ya tsare hanya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka mai jiran umarni, da almakashi a hannu,
Hawainiya