Allurar Da Ta Sauka Kafin A Rufe Silin

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kana lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kalau muke, sai Inna da ke ƙorafin ka yi mata nisa.

Kawu, godiya ce ta sa na ɗauki biro. Na samu aiki mafi girma tun da na bar shagonka, a wani asibiti mai hawa uku. Irin na'urar sanyaya ɗakunan nan ce da inji ɗaya a kan rufi ke ba kowane ɗaki abin da yake so, ɗakin magani sanyi, ɗakin jarirai ɗumi, ta bututun tagulla da ke bi cikin silin. Mun gama walda ranar Talata, mai ginin ya ce a rufe silin nan take. Na ce sai na cika bututun da iskar naitirojin, na bar shi yini da kwana, in ga ko allurar geji mai awon ƙarfin iskar za ta motsa. Ya ce in ban kauce ba zai kira wani ya ƙarasa, kuma kada in sake taka masa gini.

Sai na tuna yadda kake kifa bokiti ka zauna gaban geji, ka hana mu tattara kaya, ni kuwa ina cewa a raina tsohon nan ya cika naci. Ni ma na nemi bokiti na kifa. Mutumin ya yi faɗansa ya gaji, ya ba ni zuwa washegari.

Da muka dawo, allura ta sauka, alamar iska na zurarewa ta wani wuri. Muka bi mahaɗa arba'in da biyu da ruwan sabulu, ina ta hararar abokin aikina, don na tabbata hannunsa ne. Laifi tudu ne, Kawu. Inda kumfa ta tashi, daidai saman gadajen jarirai, waldata ce, wadda na fi alfahari da ita. Na gyara a gaban kowa. Mai ginin da kansa ya riƙe mini tsani har na sauko.

Ka yafe mini gunagunin da na sha yi maka a ɓoye. Allah ya saka da alheri. Ka gaida Gwaggo da Yaya Babba da Auta.

Ɗanka,
wanda kake kira Sarkin Gaggawa