Tambayar Da Likita Ta Yi Mini A Kanki

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi, Allah Ya ƙara haske a makwancinki.

Ciki gare ni, wata takwas. Kin ga na faɗa kai tsaye, da kina raye ai sai dai ki gani da idonki.

Kunyar cikin fari ta hana ni zuwa awo sai da ya shiga wata bakwai. Ko da aka ɗora mini na'urar hoton ciki a Argungu, bango na juya ina kallo. Ma'aikaciyar ta daɗe tana goga abin wuri guda, sannan ta tura mu Birnin Kebbi.

Can likita ta sa na juyo na duba. Ɗiya ce, Inna. Jini ya daskare a jijiyar ƙodarta ta hagu, ƙodar ta kumbura. Ta dama lafiya lau, ita muke roƙon Allah Ya tsare mata. Sai ta tambaya ko kin taɓa haihuwar jaririn da bai zo lafiya ba. Na ce mata ban sani ba.

To ina zan sani? Ke da ko sunana ba ki kira, sai "ke waccan". Na tuna ranar da lauje ya yanke ni a fadamar shinkafa. Kika ɗaure mini yatsa da bakin zanenki, kin kau da kai, kina cewa "tashi, ba komai". Amma har muka isa gida ba ki saki hannuna ba.

Na je gida Gulma na tsare Gwaggo Hajo da tambaya. Da ƙyar ta ce an yi wani yaro kafin ni, kwana uku ya yi duniya, cikinsa a kumbure. Haba Inna! Shekara da shekaru ina cewa kunyar ɗan fari kike ji da ni, ashe har da tsoro. Yanzu na san irinsa, shi nake tashi da shi kullum.

Na gaya wa likita, ta ce za su auna jinina da na jaririyar. Gwaggo ta tara itacen wankan jego a ƙofar ɗakinki, amma ba can zan haihu ba. Na dawo unguwar Badariya a Birnin Kebbi, kusa da asibiti, don a duba ta da zarar ta faɗo. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada ki da yaronki. Tawa kuma Ya bar mini ita.

Ɗiyarki, ƙanwarsa,
Hadiza